Liman, Ladan, Maƙeri: Sunan Aiki Ko Sunan Gado?

 

Duk wanda ya taɓa duba rajistar wata makaranta a Gusau, ko ya tsaya a ƙofar asibiti sa'ad da a ke kiran masu jiran ganin likita, zai ji sunaye irin su wane Liman, wane Ladan, wance Alƙali, wane Na'ibi. In aka bincika sai a tarar wanda a ke kira Liman direban mota ne a hanyar Funtuwa, bai taɓa wucewa gaban sahu ba, wanda a ke kira Ladan kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa jin muryarsa da asuba ba. Kakanninsu ne suka yi aikin, su kuma suka tashi suka tarar da kalmar manne da ƙofar gidansu. A ɗaya gefen ga waɗanda a ke ce wa 'ya'yan gidan Maƙera, ko gidan Wanzamai, ko gidan Sarkin Fawa, alhali kuwa wani a cikinsu malamin makaranta ne, bai san yadda a ke riƙe masaba ba.

Tambayar da ta taso daga nan ita ce, shin ya halatta mutum ya amsa sunan aikin da ba ya yi? In ya halatta, ina iyakarsa? Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar 'yan nahawu ce kawai. A kanta a ke rikicin limanci har masallaci ya rabu biyu, a kanta kuma a ke fasa aure bayan an kai kaya.

Ya kamata a fara da asalin kalmomin, domin yawancinsu aro ne daga Larabci, sun kuma sauya kama a bakin Bahaushe. Liman daga al-Imam ya fito, watau wanda ya ke gaba ana bin sa. A Larabci kalmar tana da faɗi ƙwarai: tana ɗaukar mai jan salla, tana ɗaukar shugaban Musulmi baki ɗaya, tana kuma ɗaukar jagoran mazhaba. Bahaushe sai ya raba ta biyu da hikimarsa, ya bar Liman a masallaci, ya keɓe Imamu ga irin su Malik da Buhari. Ba a taɓa jin wani ya ce Liman Malik ba. Ladan kuwa daga al-Azan ne, wanda shi ne kiran sallar kansa. Balarabe mu'azzin ya ke ce wa mai yin kiran, amma a nan sai aka ba mutumin sunan aikinsa. Alƙali daga al-Ƙadi, Na'ibi kuma mai tsayawa a madadin wani. Abin da ya haɗa waɗannan huɗu shi ne dukansu muƙamai ne. Naɗa mutum a ke yi, ana kuma iya tuɓe shi, in ya tafi sai wani ya hau. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya siffanta liman da mai lamuni, ladan kuma da wanda aka amince wa, domin sallar jama'a tana wuyan wancan, lokacin sallarsu da azuminsu yana wuyan wannan.

Malam daban ne. Daga mu'allim ya fito, mai koyarwa, ba ya kuma bukatar naɗin kowa. Ɗalibai su ke tabbatar da shi da zamansu a gabansa. To amma babu kalmar da ta sha wahala a ƙasar Hausa kamar wannan. A zamanin En'e aka sami malamin gona da malamin daji da malamin asibiti da malamin haraji, watau duk wanda ya riƙe alƙalami. Daga baya ta zama abin da a ke kiran kowane baligi da ba a san sunansa ba, har ɗan kamasho a tasha yana cewa Malam matsa ciki. Da kalmar ta yi araha sai masu son a bambanta su da jama'a suka haura zuwa Ustaz, da Ustaz ya yawaita aka haura zuwa Shaihi, yanzu kuwa sai an jera uku ko huɗu a kan takardar gayyatar wa'azi kafin a iso ga sunan da uban mutum ya raɗa masa. Haka kuɗi su ke yi in darajarsu ta faɗi, sai an ƙirga da yawa a sayi abin da ɗaya ya ke saye a da.

Abin mamaki, ita kalmar Ustaz asalinta ba Larabci ba ce, daga Farisanci Larabawa suka are ta, ma'anarta kuwa ta haɗa da gwanin sana'a, ubangidan masu koyon aikin hannu. Ke nan maƙerin da ya yaye yara goma a maƙerarsa yana da haƙƙi a kanta bisa ga asali. Shaihi kuma dattijo ne, mai yawan shekaru. A kan wannan ma'ana Alƙur'ani ya kawo kalmar a Suratul Ƙasas, inda 'yan matan nan biyu suka ba Annabi Musa labarin tsufan mahaifinsu. Daga baya ne aka ba da ita ga wanda ya tsufa a cikin ilmi ko da gemunsa baƙi ne. A ƙasar nan ta sake wani juyi, ta zama alkunyar duk mai suna Usman saboda girmama Mujaddadi, shi ya sa a ke kiran jariri ɗan kwana bakwai Shehu, shi ya sa kuma aka san Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, da wannan suna. Shi kansa Shehu Usmanu laƙabin mahaifinsa ya ke ɗauke da shi, gama Fodiyo da Fulatanci masani ke nan. Sai dai shi ya cika laƙabin har ya tumbatsa.

Akwai kuma sunayen tsangaya, Alaramma da Gwani, na biyun daga Barno ya zo. Waɗannan shaida ce a kan ilmi guda, watau haddar Alƙur'ani da iya rubuta shi da ka, ba kuwa a samun su sai an sha gwaji a gaban masana. Kuskuren jama'a shi ne su ɗauka duk rawani ɗaya ne. Gwanin da ya san wurin kowane wasali a cikin Mus'hafi mai yiwuwa ne bai sauke Risala ba, masanin Muhtasar kuma mai yiwuwa ne bai haddace izu goma ba, babu aibi a kan kowannensu. Aibin yana zuwa ne sa'ad da aka kai wa Gwani rabon gado, ya ji kunyar cewa a tafi wurin wane. Alhaji kuwa ba sunan malanta ba ne sam, labarin tafiya ne, ko da ya ke yau ya koma sunan mai kuɗi.

To, a koma kan tambaya. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan cewa kalma tana iya barin ma'anarta ta fari ta zama alama kawai, domin sarautunsu sun isa misali. Sarkin Gusau Sarkin Katsina a ke ce masa, tun daga gidan Malam Sambo ɗan Ashafa wanda ya kafa garin a zamanin jihadi, saboda ƙasar a da tana cikin yammacin Katsina; ba wanda ya ɗauka yana mulkin Birnin Katsina. Sarkin Tsafe 'Yandoto a ke ce masa, da sunan tsohon garin malamai. Na Bunguɗu Sarkin Fulani ne, amma Bahaushe da Bafillace duk talakawansa ne. Kowa ya san tarihi ne kalmomin su ke ɗauke da shi, ba wanda aka yaudara.

Malaman hadisi sun riga kowa lura da wannan, har suka mai da shi fanni mai zaman kansa. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya keɓe babi a cikin littafinsa na ilmin hadisi a kan nasabobin da zahirinsu ya saɓa wa haƙiƙaninsu. A cikin misalan da aka saba kawowa akwai Halid al-Hazza'u, laƙabinsa yana nufin mai ɗinkin takalma, alhali shi ba baduku ba ne, zama kawai ya ke yi a wurin dukawa. Akwai sahabi Abu Mas'ud al-Badri, wanda da yawan malamai suka ce zama ya yi a Badar, bai halarci yaƙin ba. Akwai Yazid al-Faƙir, wanda ba talaka ba ne, ciwon ƙashin baya ne ya jawo masa sunan. Malaman ba su ce a daina kiran waɗannan bayin Allah da sunayensu ba, ba su kuma tuhume su da ƙarya ba. Abin da suka yi shi ne suka rubuta gaskiyar al'amari a gefe, don kada wani ya gina hukunci a kan zahirin kalma. Haka abin ya ke a sauran al'ummai: a Ingila akwai dubban masu suna Smith, watau maƙeri, da Bishop, watau babban limamin coci, a ƙasar Sham akwai gidajen Haddad da Najjar, maƙeri da masassaƙi. A nan gida ma Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, da koyarwa da rubutu da aikin jarida duniya ta san shi.

Saboda haka wanda ya gaji sunan Liman ko Alƙali ya rubuta shi a takardarsa ta makaranta, babu laifi a kansa. Suna ne na ganewa, kamar sunan gari ko na unguwa.

Iyakar tana nan inda aka fara cin abinci da sunan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufa biyu na ƙarya. Misali mafi kusa shi ne abin da ya kan faru in limamin gari ya rasu. Kafin a yi addu'ar bakwai an fara cewa limanci na gidan wane ne, sai a ɗauko babban ɗa a naɗa masa rawani, ko da kuwa rabonsa da allo tun yana yaro, alhali a sahu na biyu akwai wanda ya shekara ashirin yana karantar da fiƙihu a zaurensa, laifinsa kawai ubansa baƙo ne ko mahauci. Wanda bai san ƙauye ba zai ce ai jan salla ne kawai. Liman a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu shi ya ke ɗaura aure, shi ya ke raɗa suna, shi ya ke sallar gawa, wurinsa a ke kai maganar saki da idda, sau da yawa kuma shi ya ke raba gado kafin magana ta kai kotu. In ya ce wa mace iddarta ta cika alhali ba ta cika ba, an ɗaura aure a kan aure ke nan. In ya hana 'ya mace rabonta na gona don bai san lissafin fara'ili ba, marayu ne za su ci ƙasa shekara da shekaru, su kuwa ba za su yi musu ba, domin Liman ne ya faɗa.

Shari'a ba ta bar wannan wuri a duhu ba. Hadisin Muslim ya gabatar da wanda ya fi iya karatun Alƙur'ani, sa'an nan wanda ya fi sanin sunna, sa'an nan wanda ya riga yin hijira, sa'an nan wanda ya fi shekaru. Buhari ya kawo cewa Salim, 'yantaccen bawan Abu Huzaifa, shi ya ke yi wa Muhajirai na fari limanci a Ƙuba, a cikin masu bin sa kuwa har da Umar ɗan Haɗɗabi, don ya fi su Alƙur'ani. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar nan, Muhtasar na Shaihu Halil ya sa fifikon fiƙihu a gaba, sai hadisi, sai ƙira'a, sai ibada, sai daɗewa a Musulunci, bayan waɗannan duka ne nasaba ta ke shigowa.

Amma fa adalci ne a saurari masu kare gado, gama ba maganar banza su ke yi ba. Suna cewa yaron da ya tashi a gidan liman ya buɗe ido ya ga littattafai, ya ga yadda a ke sulhu tsakanin miji da mata, ya san asirin gidajen gari ya kuma koyi rufe shi, abin da ba a koyarwa a kowace makaranta. Suna cewa kuma in aka buɗe ƙofa ga kowa, mai kuɗi da mai ƙungiya da ɗan siyasa su za su shigo, masallaci ya zama filin zaɓe. Wannan gaskiya ne, an kuwa ga hakan da ido a wurare da dama. Sai dai hujjar tasu tana tsayawa ne muddin ɗan ya yi karatun. Gidan malamai da yawa a ƙasar Zamfara sun riƙe limanci tsara bayan tsara bisa cancanta, domin uba ba ya barin ɗa ya huta sai ya sauke abin da shi ya sauke. Irin wannan gadon karatu ne, rawani bin sa kawai ya yi. In aka daidaita mutum biyu a ilmi da hali, to a ba ɗan gida, ko Halil ma ya ba nasaba wurinta. In ba a daidaita ba, kiran sunan kaka ba ya gyara Fatiha.

Magabatan ƙasar nan ba su kasance suna tambayar laƙabin mutum ba, tambayarsu ita ce wa ya karantar da shi, me kuma ya karanta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusuhi, don lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu da littattafan da ya karanta. A 'Yandoto ma, sa'ad da saɓani ya tsananta tsakanin mutanen garin da jama'ar Shehu har Muhammadu Bello ya ci garin wajen 1806, malamai ne a ɓangarorin biyu, kalmar Malam ba ta raba gardama ba. A wannan ƙasa dai, a watan Yuli na 2022, aka naɗa wani mutum da 'yan sanda suka daɗe suna shelar nemansa sarautar Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, jama'a suka yi ca, har gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Abin da ya tayar da hankalin mutane shi ne sun san naɗi shaida ce, mai naɗawa yana cewa duniya ga wanda ya amince da shi. In haka rawanin sarauta ya ke, to na mihirabi da na kujerar shari'a sun fi nauyi, balle a jihar da ta yi shelar aiki da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999. Hadisin da ya kasa alƙalai uku ya sa wanda ya yi hukunci bisa jahilci a wuta tare da wanda ya san gaskiya ya take ta.

Ɗaya fuskar al'amarin ta fi ciwo, domin ita ba a cika maganarta a kan mumbari ba. Mutumin da ya yarda a gaji darajar Liman ba tare da aikin ba, shi ne dai ya ke yarda a gaji raini daga sunan sana'a ba tare da aikin ba. Yaro ya zo neman aure, ga addini ga hali ga abin yi, sai wata tsohuwa ta tuna cewa kakansa wanzami ne ko mahauci, magana ta mutu. Ba a faɗa masa dalili, sai a ce an riga an yi wa yarinya miji.

Gaskiya ne waɗansu mazhabobi, kamar Hanafiyya da Shafi'iyya, sun duba sana'a a babin dacewar ma'aurata bisa ga al'adar wuri. Amma Malikiyya ba ta sa sana'a a cikin sharuɗɗan ba, addini ta duba da kuɓuta daga aibin da ke sa a raba aure. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Abu Hind, mai yin ƙaho ne, ya yi wa Annabi ƙaho, sai Annabi ya umurci Banu Bayada, wata zuriya ta Ansar, su ba shi aure su kuma nemi aure a gidansa. Annabi Dawuda sulke ya ke ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariyya masassaƙi ne kamar yadda Muslim ya ruwaito, Habbab ɗan Aratti maƙeri ne a Makka tun kafin ya sha azaba a kan Musulunci. Suratul Hujurati kuwa ta hana jifan juna da miyagun laƙubba a aya ta 11, ta kuma mai da ma'aunin daraja ga tsoron Allah a aya ta 13.

Wanda ya duba bangon littattafan da ke zauren malamai zai ga abin dariya a cikin wannan raini. Haɗɗab, mai babban sharhin Muhtasar da a ke kira Mawahibul Jalil, wanda ya rasu a 954 bayan Hijira, sunan gidansu yana nufin mai itacen wuta. Jassas, mai Ahkamul Ƙur'an, sunansa na masu aikin farar ƙasa ne. Hariri, wanda ɗalibai su ke alfahari da sauke Maƙamarsa, sunansa na masu alharini ne. Ƙaffal na Marwa, babban masanin Shafi'iyya da ya rasu a 417, kwado ya ke ƙerawa har ya kai wajen shekara talatin kafin ya shiga fiƙihu, bai kuwa yar da sunan ba. Mutum ya hana jikan maƙeri 'yarsa da rana, da dare ya buɗe littafin ɗan gidan masu itace yana neman fatawa!

A wuri guda ne kawai jama'a ba su taɓa ruɗewa tsakanin suna da aiki ba, watau inda abin ya shafi jikinsu da dukiyarsu. Babu uban da zai miƙa ɗansa a yi masa kaciya don kawai an ce mai askar jikan Sarkin Aska ne. Sai ya tambaya yara nawa ya yi wa, yaya kuma suka warke. Babu manomin Kwatarkwashi da zai karɓi garmar da ba ta kaftu don an ce daga gidan Sarkin Maƙera ta fito. Mayar da ita zai yi. Su kansu masu sana'ar ba sa sakar wa yaro aska ko masaba sai ya shekara yana kallo, yana zuga, yana wanke ƙaho. Dattawan garin da limaminsu ya rasu ba su rasa hanya irin wannan ba. Su gayyato malami biyu ko uku daga wani gari, waɗanda ba su da dangi a cikin masu nema, a zaunar da ɗan marigayi da duk wanda jama'a suka nuna, a ji karatun kowa, a tambaye shi ƙabli da ba'adi, da abin da ya ke ɓata salla, da iddar mai ciki da ta wadda mijinta ya mutu, a ba shi gadon mutumin da ya bar mata biyu da 'ya'ya mata uku da uwa ya raba a kan allo. Wanda ya fita a naɗa shi. Ɗan marigayi kuwa, ko ya fita ko bai fita ba, zai ci gaba da amsa sunan Liman a rajista, shi da 'ya'yansa.